Na sha kaye a zaɓen wakilan iyaye a Ingila, na sake tsayawa

Mahaifina hedimasta ne a wata firamare kusa da Funtuwa, yana cikin malaman da aka ɗauka lokacin shirin UPE na 1976. Ina iya tuna ranar taron iyaye da malamai: dattawan gari a kan benci ƙarƙashin darbejiya, Baba ya yi bayani, su ce "Allah ya taimaki Malam," a shafa fatiha a watse. A haka na tashi, a ganina makaranta ta malamai ce, iyaye kuwa nasu addu'a da kuɗin alli. Ni ma na yi NCE na koyar shekara shida, ban taɓa ganin uban da ya tambayi hedimasta inda kuɗi suka shiga ba.

A 2016 maigidana ya samu aikin jinya a wani gari a arewacin Ingila, na bi shi da yaranmu biyu. Babbar ta saba nan da nan. Ƙaramin kuwa bakinsa bai buɗe da wuri ba, ga sabon harshe, ga hayaniyar aji da ba ya iya jurewa. A ƙarshen 2018, yana aji biyu, aka dakatar da shi sau uku a zango ɗaya, jimillar kwana bakwai. Duk sanda waya ta yi ƙara da rana sai gabana ya faɗi. Na daina ɗaga kai a ƙofar makaranta. Ko Inna da muke waya kullum ban faɗa mata ba, don na san abin da zai hana ta barci ne.

A ƙasan wasiƙa ta uku na ga wani layi da ban kula da shi ba a na baya: idan kwanakin dakatarwa sun haura biyar a zango ɗaya, iyaye na da ikon neman a zauna da su, kuma dole a yi zaman cikin kwanakin makaranta 50. Idan sun haura 15, ko an kori yaro gaba ɗaya, ba sai an nema ba, dole a zauna cikin kwanakin makaranta 15. Na nema. A wannan zama na fara ganin mutanen da a nan ake ce wa gwamnonin makaranta. Mutum uku ne a bayan tebur, ba malamai ba, ba ma'aikatan ilimi ba, amma na ga shugabar makaranta tana amsa tambayoyinsu kamar ɗaliba. Ɗaya daga cikinsu ta ce ita uwa ce, iyaye ne suka zaɓe ta. Ba su soke dakatarwar ba. Na fito ina kuka, amma na fito da sanin cewa akwai kujerar da uwa irina za ta iya hawa.

Ga yadda tsarin yake, don yawancinmu da muka zo ƙasar nan ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana. Kowace makarantar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma tana da majalisar gudanarwa, mambobinta su ne gwamnonin makaranta. Dokar 2012 ta ce kada mambobinta su gaza bakwai: aƙalla iyaye biyu, shugaban makaranta, ma'aikaci ɗaya da abokan aikinsa suka zaɓa, mutum ɗaya da ƙaramar hukuma ta gabatar, sai waɗanda majalisar ta jawo saboda gwanintarsu. Aikinsu uku ne: su tsara alƙiblar makaranta, su tuhumi shugaba a kan karatun yara, su sa ido kan kuɗi. Su ne ke ɗaukar shugaban makaranta aiki, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi. Wanda ya san SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta a gida Najeriya, zai ga kama, sai dai waɗannan doka ta danƙa musu kasafin kansa. Makarantun da ake kira akademi nasu tsarin daban ne, yana cikin takardun kafa kowace ƙungiyar da ke riƙe da su, don haka fara da tambayar wace iri ce makarantar ɗanki. Wa'adi yawanci shekara huɗu ne, ba albashi, kuma ba a neman takardar zama ɗan ƙasa.

A watan Maris na 2019 wasiƙa ta zo a jakar littattafan yarana cewa kujerar iyaye ɗaya a majalisar ta faɗi. Aka ba da kwanakin makaranta goma don miƙa suna. Na cike fom a daren. Abin da ke hana mutum tsayawa a rubuce yake a bayan fom ɗin: ƙasa da shekara 18, zama kansila a ƙaramar hukumar, yi wa makarantar aikin albashi fiye da awa 500 a cikin wata 12, karayar arziki da kotu ta ayyana, hukuncin ɗauri na wata uku ko fiye a shekara biyar da suka wuce, ko haramcin aiki da yara. Wannan na awa 500 yana kama mata da yawa masu aikin raba abinci ko shara a makarantar, don haka a ƙirga kafin a sa rai. Wasu makarantun sukan nemi iyaye biyu su sa hannu a fom ɗin, tamu ba ta nema ba. Idan masu nema ba su wuce yawan kujeru ba, an ci ba hamayya. Mu uku muka fito, sai aka tafi zaɓe.

Kuskurena na farko a takardar gabatar da kai na yi shi. An ce kalma 150. Na rubuta fiye da 200, aka yanke a daidai ƙa'ida, magana ta tsaya a tsakiya. Abin da ya rage kuma duk ɗacin rai ne. Na ce an zalunci ɗana, na ce zan kawo ƙarshen dakatar da yara, na ce zan canza abincin rana. Wannan takarda ta shiga kowane gida a makarantar, wato da hannuna na tona asirin yaron da bai kai shekara bakwai ba a gaban iyayen abokansa. Har yau wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo, ya fi faɗuwar kanta. Alƙawuran kuma babu wanda mamba ɗaya ke iya cikawa, iyayen da suka san tsarin kuwa sun gane haka daga layin farko.

Kuskure na biyu, na ɗauka 'yan uwa za su jefa ƙuri'a tunda sun ce za su jefa. Ranar ƙirga na zauna a ofishin shugabar makaranta, don ita ce jami'ar zaɓe kuma 'yan takara na da damar halarta, na ga abin da ya faru da idona. Ambulan biyu ake bayarwa. Takardar ƙuri'a tana shiga ƙaramin, wanda ba a rubuta komai a kansa, shi kuma ya shiga babban, wanda a bayansa ake rubuta suna da sunan yaro a sa hannu. Akawu na duba sunan a rajista, ta cire ƙaramin ta jefa a akwati, ta haka ba a san wanda kowa ya zaɓa ba. Wasu sun sa hannu a kan takardar ƙuri'ar kanta, ta lalace. Wasu sun bar bayan babban ambulan fari fat, ba a ma buɗe shi ba. Wata ta yi wa mutum biyu alama alhali kujera ɗaya ce. Na zo ta uku.

Da na dawo gida na tambayi maigidana ko ya mayar da tasa. Ya ce, "Ai na ga kin cike tamu." Shi a zatonsa ƙuri'a ɗaya ce ga gida. Ba haka ba ne. Uwa na da tata, uba na da tasa, ko da sun rabu, kuma kaka ko gwaggon da ke riƙon yaro ita ma doka ta ƙirga ta cikin iyaye. Amma mai yara uku a makarantar ƙuri'arsa ɗaya ce ga kowace kujera. Babu kuma wani adadin ƙuri'u da dole a kai kafin zaɓe ya inganta, shi ya sa a makaranta mai ɗaruruwan yara 'yan gomomin ƙuri'u ke raba gardama. Idan aka yi kunnen doki, yawanci canki-canki ake yi a gaban 'yan takara.

Na yi makonni ina jin kunyar zuwa ɗaukar yara. A raina na riƙa cewa don mayafina ne, don harshena ne. Ba zan rantse babu wanda ya ƙi ni don haka ba. Amma da na sake karanta takardata bayan zuciya ta huce, na yarda ko ni ba zan zaɓi wadda ta rubuta ta ba. Ba kujerar nake nema ba a lokacin, hakkin ɗana nake nema, kuma wannan yana da tasa ƙofar. Iyaye na iya rubuta wa ƙaramar hukuma kai tsaye su nemi a auna bukatun yaro don samun takardar tallafi ta EHCP. Hukuma na da mako shida ta ce za ta auna ko a'a, mako 20 kuma daga ranar nema zuwa fitar takardar. Namu ya ɗauki fiye da haka, amma ya fito. Aka samu mai taimaka masa a aji da mai koyar da magana, dakatarwa ta tsaya.

Sai da wannan nauyi ya sauka na iya kallon makarantar a matsayin makarantar yara duka. Lokacin kullen korona na zauna na karanta abin da ke shafinsu na intanet: rahoton masu duba makarantu na Ofsted, tsarin ladabtarwa, tsarin koke, bayanin yadda ake kashe kuɗin tallafin yara marasa galihu. Na nemi rahotannin zaman majalisa a ofis, aka ba ni, don duk wanda ya nema ana ba shi ban da ɓangaren sirri. Da aka buɗe makarantu na shiga sauraron karatun yara ranar Laraba da safe. Na koyi gaisawa da iyayen da ba masallaci ɗaya muke zuwa ba, 'yan Folan, 'yan Romaniya, Turawan unguwa.

A watan Oktoba na 2021 kujera ta sake faɗuwa. Na yi istihara, na shawarci maigida. Ya ce, "In za ki iya jure faɗuwa ta biyu, ki tsaya." Wannan karon kalma 140 na rubuta. Na ce ni malama ce ta shekara shida, na riƙe littafin kuɗin Islamiyyarmu ta ranar Asabar, ina jin harsuna biyu, ina da lokacin zuwa taro da yamma. Na ce abin da ya dame ni shi ne ko yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne suna cin gaba daidai da saura, kuma zan yi tambaya a kai. Ban ambaci ɗana ba, ban yi alƙawari ko ɗaya ba. Na ba wata maƙwabciyata Baturiya ta karanta, ba don ta gyara nahawu kawai ba, don ta faɗa mini yadda maganar ke sauka a kunnenta.

Makaranta ba za ta ba ɗan takara lambobin iyaye ba, dokar kare bayanai ta hana. Abin da ke hannu shi ne ƙofar makaranta safe da yamma, da zaurukan WhatsApp na ajujuwa, da wuraren da ake haɗuwa. Ban cika cewa a zaɓe ni ba. Na ɗauki hoton ambulan biyun, na yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa da Turanci: alama ɗaya, kada a rubuta suna a takardar, suna a bayan babban ambulan, uba ma ya cike tasa, a mayar kafin ranar Juma'a, ko a ba yaro ya kai ofis. Wata 'yar Somaliya da wata 'yar Fakistan suka maimaita shi da harsunansu. Mu biyu ne a takarar, na ci da tazarar ƙuri'a tara. Na yi sujada a ɗakin girki, sannan na kira Inna na ba ta labarin tun daga dakatarwar farko.

Bayan cin zaɓe akwai takardu. Dole a nemi binciken DBS mai zurfi, wato binciken ko mutum na da tarihin aikata laifi, cikin kwana 21, kuma wanda ya zauna a ƙasar waje ana iya neman ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sandan ƙasarsu, don haka gara a fara nemanta da wuri. Ana cike rajistar bayyana duk wata alaƙa ta kasuwanci ko dangantaka da ma'aikatan makaranta, sunan mutum kuma yana fita a shafin makaranta. Akwai horon shiga, kuma tun Satumban 2022 horon kare yara wajibi ne ga kowane mamba. Doka ta ce a zauna aƙalla sau uku a shekara, mu sau shida muke zama, ban da kwamitin kuɗi da ziyarar aji. Takardu na zuwa kwana bakwai kafin zama, wani lokacin shafi sittin ko fiye. Wanda ya yi wata shida bai halarta ba, ba tare da an karɓi uzurinsa ba, ya rasa kujerarsa. Mai aiki yana da hakkin neman lokaci daga wurin aikinsa a ƙarƙashin dokar ma'aikata ta 1996, sai dai ba dole a biya shi kuɗin awannin ba. Kuɗin mai renon yara lokacin taro kuwa ana iya mayar wa mutum in majalisar na da tsarin haka. Mutane da yawa kunyar tambaya suke yi, alhali wannan kuɗi ne ke sa uwa mai ƙaramin ƙarfi ta iya zama.

Zama uku na farko ban ce uffan ba. Gajerun sunaye sun yi mini yawa, tarbiyyar gida kuma ta hana ni tambayar shugaba a bainar mutane. Akawun majalisa ce ta ja ni gefe ta ce in riƙa aiko da tambaya biyu a rubuce kafin zama. Tambayar gwamna ba "me ya sa malamar aji huɗu ta yi kaza" ba ce, wannan hurumin shugaba ne. Tasa ita ce: ta yaya muka san wannan shiri yana aiki, nawa ya ci, su waye bai kai gare su ba.

Irin wannan tambaya ce ta kai ni ga abin da na fi alfahari da shi. Gwamnati na ba makaranta ƙarin kuɗi da ake kira Pupil Premium a kan duk yaron da aka yi wa rajistar abinci kyauta a cikin shekara shida da suka wuce. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 fam 1,455 ne kan kowane ɗan firamare. Amma tun 2014 duk yaran ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu suna cin abinci kyauta ba tare da rajista ba, sai iyayen da suka cancanta su ga ba amfanin cike fom, makaranta ta yi asarar kuɗin. Namu mutanen kuma tsoro suke ji, saboda bizarsu ta hana cin tallafin gwamnati, ba su san tun 2022 an buɗe wa irin waɗannan gidaje ƙofar abincin makaranta ba muddin samunsu bai wuce iyakar da aka sa ba. Na tambayi gidaje nawa ke mayar da fom, da wane harshe ake aika shi. Daga nan aka fassara wasiƙar, aka sa tebur a ranar ganawa da malamai.

Inda kujerar ta fi cizo shi ne tsakanina da 'yan uwa. Wata rana bayan magariba wata baiwar Allah, 'yar gida ce, ta zo har ɗakina idonta jajur. Ta ce, "Yaya, ke ce tamu a can, ki ji abin da aka yi wa yarona." Na san wannan kuka, na yi shi. Amma na dakatar da ita kafin ta shiga bayani. Koke yana da matakai: malamin aji, shugaban makaranta, sannan kwamitin gwamnoni, kuma duk mamban da ya riga ya ji labarin ba zai zauna a kwamitin ba. In na saurare ta, na fitar da kaina daga wurin da zan iya yi mata adalci. Na ba ta takardar tsarin koke, na nuna mata ranakun da kada ta bari su wuce, na haɗa ta da wadda za ta raka ta. Ta tashi ta ce, "Ashe kin zama tasu." Ta yi wata huɗu ba ta amsa sallamata da daɗi. Iyaye ne ke zaɓen wakiliyarsu, amma ba 'yar aikensu ba ce. Tana kawo idon uwa cikin ɗaki, ta jefa ƙuri'a bisa abin da ta ga ya fi wa yara duka. In an rinjaye ta, ba ta fita ƙofa ta ce ita ba ta yarda ba, kuma abin da aka ce sirri ne ko maigida ba ya ji.

Sau biyu na zauna a kwamitin duba korar yaro, a bayan irin teburin da na taɓa tsayawa a gabansa. Abin da ake aunawa shi ne ko korar ta bi doka, ko ta dace da laifin, ko an bi matakai, ko barin yaron zai cutar da karatu ko lafiyar saura, da abin da makaranta ta gwada kafin ta kai ga haka. A nan abin da na sha ya yi amfani. Nakan tambaya ko an auna bukatun yaron, ko iyayen sun fahimci wasiƙun, ko an samo musu tafinta. Nakan tabbatar an faɗa musu da baki cewa in ba a mayar da shi ba suna da kwanakin makaranta 15 su nemi kwamiti mai zaman kansa ya sake duba hukuncin, kuma suna iya neman ƙwararre kan bukatu na musamman ya halarta. Daren da ya biyo bayan kowane zama ban yi barcin kirki ba.

Ɗana ya gama firamare a 2023, yana sakandare yanzu, yana ba ni labari har sai na ce ya isa. Fitarsa ba ta katse wa'adina ba, doka ta yarda mutum ya ƙarasa shekarunsa huɗu, amma ba zan sake tsayawa a kujerar iyaye ba tunda ba ni da yaro a makarantar. Wa'adin ya cika a kakar 2025. Da wasiƙar neman wanda zai gaje ni ta fita, matar nan da ta yi fushi da ni ta kira ni ta ce tana son tsayawa. Ta zo da takardarta ranar Lahadi bayan la'asar, kalma 230, sunan ɗanta a layin farko. Na kawo mana shayi da fensir, muka fara daga wannan layin.